GIDAN TURURUWA NA GILASHI: DA WANE GAM YA KAMATA A LIƘE SHI?

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a masu karatu, in aka ce wa mutumin ƙauyenmu akwai waɗanda ke kashe kuɗinsu su gina wa tururuwa gida a cikin ɗaki, su riƙa kai mata ruwa da abinci kamar mai kiwon tantabara, ba shakka cewa zai yi wannan kuma sai wanda ya ƙoshi. Mu abin da muka tashi muka tarar shi ne a kore ta daga gindin rumbu, a barbaɗa mata toka, ko a tsiyaya mata kananzir. Amma a ƙasashen Turai da Amurka da Asiya kiwon tururuwa tsohuwar al'ada ce, masana na yi don bincike, malaman makaranta na yi don koyar da yara, wasu kuma don sha'awa kurum.

Gidan ba wani abu ba ne mai wuya. Gilashi ne falle biyu da 'yar ƙasa a tsakani, ko kuwa wani ɗan dunƙulen farin siminti da aka sassaƙa wa ɗakuna aka rufe da gilashi, yadda mutum zai zauna ya ga duk abin da ake yi a ciki. Yaro mai hankali na iya haɗa shi da guntayen gilashin da masu yanka suka zubar. Sai dai akwai wuri guda da galibi sababbin shiga ke yin tuntuɓe, watau abin da za a liƙe gidan da shi. In gam ɗin bai kama ba, tururuwa ta fice ta bazu cikin gidan haya, a shiga rigima da maƙwabta. In kuwa ya kama amma yana da guba, a wayi gari a tarar da su a sheme, wahalar wata da watanni ta tashi a banza. Don haka muka ga ya kyautu mu yi wa 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal bayani, musamman malamai da iyayen yara 'yan makaranta.

ASALIN ABIN

Wani Baturen Ingila mai suna John Lubbock, ma'aikacin banki kuma ɗan majalisa, wanda maƙwabcin Charles Darwin ne, yana daga cikin na farko da suka tsare wannan aiki sosai. Shi gilashi biyu ya haɗa, ya raba su da 'yan siraran katako, ya cika tsakani da lallausar ƙasa, sa'an nan ya kewaye wurin da ruwa don kada su tsere. Ya riƙe wata sarauniyar tururuwa tun daga shekarar 1874 har ta mutu a 1888, ya kuma wallafa abin da ya gani a 1882. Shi ne ya lura cewa jan haske bai cika damun tururuwa ba, shi ya sa har gobe masu kiwo ke rufe gilashin da jar leda.

Bayansa sai wani injiniya Bafaranshe, Charles Janet, ya yi nasa da farin siminti, ya nuna shi a babban bikin baje koli na duniya da aka yi a birnin Faris a 1900. A Amurka kuwa wani ɗan kasuwa, Milton Levine, ya shiga sayar da shi a 1956. Ya riƙa sayar da ɗan gidan roba a kan dala 1.98, kafin rasuwarsa a 2011 an sayar da fiye da miliyan 20. Amma nasa ba a sa sarauniya a ciki, saboda haka cikin 'yan watanni ma'aikatan kan ƙare.

A nan ne ya kamata mai karatu ya gane nauyin maganar. A yawancin iri, rayuwar gidan tururuwa duka tana wuyan sarauniya guda ɗaya, ita kaɗai ke saka ƙwan da ke zama ma'aikata. An taɓa riƙe wata sarauniya a Turai har ta kusa shekara 29. Ashe ke nan wanda ya samu sarauniya ya samu abin da zai iya daɗewa a hannunsa fiye da akuya ko tunkiya, in kuwa ta mutu gida ya rushe.

ME YA SA GAM KE KASHE TA?

Tururuwa ba ta da huhu kamar ni da kai. Wasu 'yan ƙananan ƙofofi ne a gefen jikinta, iska na shiga ta nan ta bi ta siraran hanyoyi kai tsaye zuwa cikin naman jiki. Saboda haka duk tururin da ke cikin iskar ɗakinta ba shi da wani shamaki. Ga ta kuma ƙarama, abin da mutum zai shaƙa ya yi atishawa kurum, ita ajalinta ne. Sa'an nan gidan gilashi rufaffen wuri ne mai laima, ba kamar rami a daji ba inda ƙasa ke shanye abubuwa.

Na biyu, tururuwa da ƙanshi take magana. Da 'yan ƙahonin nan biyu na kanta take gane ɗan gida da baƙo, da su take bin sawun abinci, da su take sanin ƙwai da tsutsa. In wari mai ƙarfi ya cika gidan sai su rikice, su yi ta kwasar 'ya'yansu suna neman mafita, wani lokaci ma sarauniya ta cinye ƙwanta don firgita.

Na uku, ba ta barin abu yadda ta same shi. Duk abin da ta tarar a bango sai ta lasa, ta ciza, ta ɓantaro. Kuma abin da ɗaya ta sha, baki da baki take ɗura wa 'yan'uwanta har ya kai ga sarauniya da tsutsa. Da wannan hali nata ne masu haɗa maganin kiyashi ke cin galaba a kanta, kuma ta wannan hanya ce gam mai guba ke gama gida.

SILIKON IRI-IRI NE

Abin da galibin masu kiwo suka amince da shi shi ne silikon, wannan farin gam mai kama da roba da masu aikin tagar alminiyam ke matsawa da bindiga. Wani masani na jami'ar Notingam a Ingila, Frederic Kipping, shi ya share fagen bincikensa tun farkon ƙarni na 20, kamfanin Dow Corning kuma da aka kafa a Amurka a 1943 ya shiga yin sa don kasuwa. Tun wajen shekarun 1960 ake haɗa akwatin kifi na zallar gilashi da shi. In ya gama bushewa sarai, ba ya narkewa a ruwa, zafin rana bai dame shi ba, ba ya kuma fid da komai. To amma ba kowane silikon ne ke da wannan hali ba.

Da fari akwai wanda aka yi don banɗaki da madafa. Wannan an zuba masa maganin hana fumfuna da gangan, don kada ya yi baƙi a wurin da ruwa ke zuba kullum. Maganin nan a hankali yake tsattsafowa tsawon watanni ko shekaru, aikinsa ke nan. Masu kiwon kifi sun daɗe da sanin yana yi musu ɓarna, haka nan bai dace da gidan tururuwa ba, kuma jira ba ya raba shi da gubarsa. Duk kwalbar da aka ga an rubuta mata “Sanitary” ko “Anti-fungal” ko “Mould resistant” ko “Kitchen and Bath”, a bar wa mai shago kayansa.

Wanda ake so shi ne na akwatin kifi. Za a ga kalmar “Aquarium” a jiki, sau da yawa har da hoton kifi. In ba a samu ba, a nemi wanda aka rubuta wa “100% Silicone”, amma fa a sani wannan rubutu kaɗai bai isa shaida ba, domin akwai na banɗaki da ke ɗauke da shi. Sai an juya kwalbar an karanta ƙananan rubutun baya, ko a ba wanda ya iya Turanci ya karanta, a tabbata ba a ambaci fumfuna ba. A zaɓi garai-garai mara launi.

Har wa yau silikon ya kasu biyu wajen yadda yake bushewa. Akwai mai warin ruwan khal, watau binega, wanda ake rubuta wa “Acetoxy”. Yayin da yake bushewa asid ɗin binega yake fitarwa, shi ne ke yaji a ido da hanci. Galibin na akwatin kifi irin wannan ne, yana kama gilashi ƙam, kuma amfaninsa guda shi ne hancinka zai gaya maka ko ya gama. Aibinsa kuwa ba ya jituwa da siminti da bulo da dutsen marmara, yana kuma cin tagulla da farin ƙarfen kwano. Sa'an nan akwai wanda ake rubuta wa “Neutral”, ba shi da wari sosai, ya fi kama siminti da ƙarfe. Amma rashin warin ba ya nufin ba ya fid da komai. Wani sinadarin metanol yake fitarwa, wani kuma sinadarin da ake kira MEKO, wanda Tarayyar Turai ta sa cikin jerin abubuwan da ake ɗauka suna jawo ciwon daji tun daga 2022. Wanda zai yi aiki da irin wannan sai ya ƙara kwanakin jira.

Akwai kuma maganar araha, wadda Hausawa suka ce ba ta ado. Wasu masu arahar an sirka su da mai don a cika kwalba. Irin waɗannan in sun bushe sukan tsuke su bar kafa, man kuma ya riƙa nasowa. Gane su ba wuya: a matsa kaɗan a kan farar takarda a ajiye kwana 3 ko 4, in aka ga maiƙo ya zagaye shi kamar takardar ƙosai, to sirki ne. A kuma duba kwanan wata, domin silikon yakan lalace cikin shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi, balle wanda ya sha rana a rumfar kasuwa. Wanda ya tsufa yakan ƙi bushewa, ya zauna yana danƙo har abada.

DAMINA DA HUNTURU

Ga wani abu da zai ba mai karatu mamaki. Silikon ba kamar laka ba ne da rana ke busarwa. Laimar da ke cikin iska ita ce ke sa shi ya sandare, daga waje zuwa ciki. Cikin minti 10 zuwa 30 yakan yi fata a sama, sai wanda bai sani ba ya taɓa ya ce ai ya bushe, alhali cikin ɗanye ne sharaf. Masu yin sa sun auna cewa a matsakaicin zafi da matsakaiciyar laima, kaurin milimita 2 zuwa 3 kurum yake ci a kwana guda, kuma yadda ya ƙara nisa ciki haka yake ƙara nawa.

Saboda haka mazaunin Ikko ko Fatakwal ya fi ɗan'uwansa na Kano ko Sakkwato sa'a a wannan fanni, gama iskar Kudu a jiƙe take kusan duk shekara. Wanda kuwa ya tafi gida ganin dangi da hunturu ya ce a can zai haɗa wa yara, ya sani iska a bushe take ƙayau, aikin zai ɗauki kwanaki fiye da haka. Dabara ita ce a ajiye kwanon ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma kusa da shi, a inuwa, inda iska ke wucewa. Kada a shanya shi a rana, ƙura zai kwasa.

Ko a ina ne dai, a ba shi kwana 7 cur a buɗe. In an lafta shi da kauri, ko an matse shi tsakanin gilashi biyu inda iska ba ta kai wa sai ta gefe, a ba shi mako 2. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma a yi aikin a waje, a tsakar gida ko baranda, ba a cikin ɗaki guda da iyali ke kwana ba, don abin da ke cutar tururuwa ba alheri ba ne ga ƙirjin jariri.

SAURAN GAM NA KASUWA

Sholisho na masu faci, da gam na masu gyaran takalmi da masu kujeru, waɗannan kada ma a kusanto da su. Roba ce aka narkar cikin sinadarai dangin fetur, kowa ya san abin da tururinsu ke yi wa ƙwaƙwalwar samarin da suka faɗa shaƙarsa, to ina ga tururuwa. Farin siminti da katako kuma sukan shanye warin su riƙe shi kwana da kwanaki.

Sufa-gulu, wanda Harry Coover ya gano a Amurka a 1942 aka fara sayarwa a 1958, yana da amfani wajen ɗan ƙaramin gyara, kuma in ya bushe ba ya cutarwa. Amma ba ya cike kafa, yana tsagewa, tururinsa kuma kan bar farin tabo a gilashi. Babban gargaɗi a nan shi ne kada a bari ya haɗu da auduga, domin nan take sukan ɗau zafi har su yi hayaƙi su ƙone yatsa, ga shi kuwa mai kiwon tururuwa ba ya rabuwa da auduga.

Gam mai kwalba biyu da ake cuɗawa, irin su Araldite, yana da ƙarfi ƙwarai, tururuwa ba ta iya cizonsa. In an auna shi daidai yadda aka rubuta, aka cuɗa sosai, aka bar shi mako guda, ba laifi. In aka kuskure awo kuwa, wani sashi ba zai taɓa bushewa ba, wannan ɗanyen kuma guba ne, yana ma sa wa mutum ƙaiƙayin fata.

Gam na kyandir da ake narkarwa da bindigar lantarki ba shi da tururi, cikin 'yan mintoci ya kama. Ya yi kyau wajen riƙe tiyo ko ragar iska daga waje. Sai dai laima kan ɓamɓare shi daga gilashi, manyan tururuwa kuma suna gutsurarsa. Farin gam na kafintoci shi kuma da ruwa aka haɗa shi, in ya sha laima sai ya yi laushi ya soma fumfuna, bai dace da inda ake zuba ruwa ba.

Wani zai ce to ina na gida, ƙaro da kakin zuma? Ƙaron dakwara da ake samu a Yobe da Barno da Jigawa ba shi da guba, har a abinci ana sa shi, amma ruwa ke narkar da shi, gidan tururuwa kuwa ba ya rabuwa da danshi. Kakin zuma ya fi shi, ruwa ba ya ratsa shi, yana toshe ƙaramar kafa na ɗan lokaci. Amma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, tun kafin nan ma ya yi laushi a ɗaki mai rufin kwano, kuma tururuwa na iya haƙe shi. Na agaji ne, ba na dogaro ba.

KADA GAM YA ZAMA BANGO

Maginanmu na gargajiya sun san makuba da laso kariya ce ga bango, ba su ne bangon ba. Haka abin yake a nan. Ko silikon mafi kyau, manyan tururuwa masu ƙarfin muƙamuƙi suna tsintsinarsa kaɗan-kaɗan har su huda. Don haka a yanka gilashi da katako su haɗu ƙiris tun kafin a sa gam, sa'an nan a ja siririn layi daga waje inda bakinsu ba ya kai wa. A wanke gilashin da sabulu, a goge da sifirit, a bari ya bushe, gama silikon ba ya kama maiƙo ko ƙura, sabo kuma ba ya kama tsoho sai an kankare.

In gidan na garin POP ne, irin wanda ake yin silin da shi, ko na farin bulo mara nauyi da Turawa ke kira Ytong, wanda aka fara yi a Suwidin a 1929, ya fi kyau kada a liƙe murfin gilashin sam. A goge fuskar ta yi sumul, a ɗora gilashi, a matse da kusoshi masu zare ko maɗauri, don wata rana za a so buɗewa a share. A kiyaye kuma, garin POP yana ɗaukar zafi in yana sandarewa, kada yaro ya tsoma hannu ya bar shi a ciki. In kuwa da roba mai kama da gilashi aka yi gidan, irin su Perspex, a sani silikon bai cika kama ta ba, bokitin roba da leda kuwa ba ya kama su ko kusa.

Kada kuma a toshe ko'ina a ce an yi gwaninta. Dole a bar kafar iska, a rufe ta da lallausar ragar ƙarfe mara tsatsa ko curin auduga. Wasu tururuwa suna fesa wani asid daga jikinsu in sun tsorata, wanda wani masanin Ingila, John Ray, ya ba da labarin tatso shi tun 1671. A rufaffen gida wannan asid nasu na iya hallaka su da kansu. Don hana su hawa su fita ta saman akwatin da ake zuba musu abinci, a shafa man basilin siriri a bakin, ko hodar jarirai da aka dama da sifirit, a bari ta bushe tukuna.

Sa'an nan a lura da katako. Wanda aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai ba ya shiga wannan aiki. Haka nan ɗakin da ake fesa fiya-fiya, ko kunna maganin sauro, ko zana allin kyankyaso, ba wurin ajiye gidan tururuwa ba ne. Sau da yawa akan ɗora wa gam laifin da maganin sauro ya aikata.

GWAJI KAFIN TAREWA

Bayan kwanakin jira sun cika, a ɗauraye gidan da ruwa zalla, a shanya a inuwa. Sa'an nan a sa shi cikin tsabtatacciyar leda a ɗaure bakin ya kwana. Da safe a kwance a sansana. In aka ji ko ɗan burbushin wari, a ƙara masa kwana 3 a sake. A tuna gwano ba ya jin warin jikinsa, wanda ya yini yana aiki da gam hancinsa ya saba, gara a kira wani ya sansana.

In hanci ya wanke shi, saura shaidar masu gida. A kamo ma'aikata kamar 20 daga rami ɗaya, a sa 10 cikin sabon gidan, 10 kuma cikin wankakkiyar kwalba, kowanne da jiƙaƙƙiyar auduga da ɗigon ruwan sukari. A zuba musu ido kwana 3. In na gidan suka soma tangaɗi ko mutuwa alhali na kwalba lafiya lau, to gidan ne da laifi. In duka suka mutu, sai a binciki ruwan ko ɗakin. Wannan ɗan gwaji shi kansa darasi ne babba ga ɗan makaranta, domin haka masana ke rarrabe zato da tabbas. Kada a taɓa sa sarauniya sai an haye wannan mataki.

Kuma babu abin gaggawa. Sabuwar sarauniya ba ta bukatar gida da fari. Kwalbar gwaji ta ishe ta: ruwa kashi ɗaya cikin uku, a tura auduga ta tare shi, a sa ta, a toshe baki da wata audugar, a ajiye a duhu. A yawancin iri ba ta ma cin abinci, naman fiffikenta take narkarwa ta ciyar da 'ya'yan fari. Kafin su zama ma'aikata akan yi mako 4 zuwa 8, wanda ya isa gam ya bushe har a manta.

WACE ZA A KIWATA?

Masana sun sa wa fiye da iri 14,000 suna, wani bincike kuma da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa tururuwan duniya sun kai miliyan dubu sau miliyan 20. Hausawa sun ce in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike. Gaskiya ne ga mazan, gama bayan tashin aure da suke yi a farkon damina mutuwa suke. Amma macen da ta tsira takan karya fiffikenta ta nemi wurin kafa sabon gida, ita ce sarauniyar da ake tsinta tana yawo a ƙasa bayan ruwa. Kada a haɗa ta da shinge. Shinge gara ce, dangin kyankyaso, ba ta da ƙugu. Tururuwa kuwa dangin zuma da rina ce, ƙugunta a tsuke, ƙahoninta a lanƙwashe.

Tururuwarmu ta Arewa mai tara hatsi tana da daɗin kallo, amma tana da ƙarfin baki, sai gida mai ƙwari. Kiyashi, wanda wani bai kai milimita 2 ba, yana bi ta kafar da ido bai gani, ba na sabon shiga ba ne. Kwarkwasa kuwa kada a soma, ba ta zama wuri ɗaya, kuma rundunarta miliyoyi ce. Mazauna Kudu, musamman masu harkar goro, sun san jar tururuwar nan mai cizo da ke kan mangwaro da lemo da koko. Ita da kanta take liƙe gidanta: ma'aikata su jawo ganye su haɗa, wasu su ɗauko tsutsarsu a baki suna gogawa, zaren da ke fita daga bakin tsutsar ya ɗinke ganyen. Wannan a bar ta a bishiya, manoma na amfana da ita wajen korar ƙwari.

Abu na ƙarshe, a tsaya ga ta unguwa. A watan Afrilu na 2025 an kama wasu samari biyu 'yan Beljiyam a Kenya da tururuwa kimanin 5,000 cikin kwalaben gwaji da sirinji, irin manyan masu tara hatsi da ake sayarwa da tsada a Turai da Asiya. An gurfanar da su tare da wani ɗan Biyetnam da wani ɗan Kenya, a watan Mayu kotu ta ci kowannensu tarar shilin miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara guda. Ba don wasa hukumomi ke tsanantawa ba. Jar tururuwa mai harbi da jiragen ruwa suka kai Amurka daga Kudancin Amurka a shekarun 1930 ta zame wa manoman can annoba har yau. Wanda ya kiwata ta bayan gidansa, ko ta tsere gida ta koma.

To jama'a, a taƙaice ga abin riƙewa: silikon na akwatin kifi, mara maganin fumfuna, wanda bai tsufa ba, a shafa siriri daga waje, a jira mako guda ko biyu, a sansana, a gwada da ma'aikata, sa'an nan a tare da sarauniya. Rigakafi dai ya fi magani. Malaman makaranta da iyayen da suka gwada, muna sauraron wasiƙunku a wannan fili. Sai wani makon in muna da rabon ganawa.